Daga alƙalamin alƙali zuwa AI: tarihin jinkirin shari'a a ƙasar Kano

1/ Ana ta maganar a shigo da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kotunanmu don shari'a ta daina jan ƙafa. Ni ɗan Wudil ne, ina goyon baya, amma da sharaɗi. Ku biyo ni mu leƙa baya tukuna.

2/ Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun tarar da alƙalai na aiki, ba su rushe su ba. A ƙasar Makama irin Wudil, ka kai ƙara, a kira abokin shari'arka, a nemi shaidu ko a ba da rantsuwa. Manyan shari'u kamar kisan kai da rikicin ƙasa, sai majalisar Sarki a birni.

3/ Bayanan shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914 suna nan har yau, da Larabci, yawancinsu a taƙaice. Sauri kam akwai. Amma in an danne maka haƙƙi, ɗan abin da aka rubuta da wuya ya ishe ka hujja.

4/ Dokar 1967 ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna, aka koma kotunan yanki. A 2000 kuma Kano ta ƙaddamar da Shari'a, kotunan Shari'ar Musulunci suka gaje su. Hanyar ɗaukaka ƙara ta faɗaɗa, ita kuwa sai da cikakken rubutu: me shaida ya ce, me aka tambaye shi.

5/ To wa ke rubutun? Alƙali, da hannunsa! Har gobe haka ake yi a kotuna da yawa. Shaida ya faɗi jimla ɗaya, a ce dakata, mai shari'a na rubutu. In a babbar kotu ne ga tafinta a tsakani. Kafin a gama da shaida biyu rana ta yi, sai ɗagewa.

6/ Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a riƙa zama kullum, in ya gagara kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar. Kano ta yi tata a 2019. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke.

7/ A nan nake ganin amfanin AI: ta karɓi rubutun, ta tsara fayil, hukunci ya zauna hannun alƙali. Kotun ƙolin Brazil ta ɓullo da manhajar Victor a 2018 don tantance takardun ɗaukaka ƙara. A Amurka kuwa, a 2023 aka ci tarar lauyoyi dala 5,000 a New York, don sun miƙa wa kotu shari'un bogi da ChatGPT ta ƙirƙiro musu.

8/ Sharaɗina: kafin a kashe kuɗi, a gwada na'urar da Hausarmu. A ɗauko rikicin cinikin sa daga Karar Wudil ta ranar Juma'a: ga dillali na rantsuwa kan la'adarsa, ga mai shanu na sirka Hausa da Fillanci. A duba in za ta bambance "na saya masa" da "na sayar masa". Harafi ɗaya ne a tsakani, kuma shi zai nuna wa ke bin wani kuɗin.