Laifin Da Ya Rasa Suna: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi

Harshen Ingilishi ya daɗe da kalmomin siffanta mugun aiki. Akwai "heinous", wadda ya aro daga Faransanci, tushenta kuwa ƙiyayya. Akwai "atrocity", daga Latin, mai nufin ƙeta da rashin imani. Akwai "unpardonable", wato abin da ba ya yafuwa. Dukkansu dai kalmomin tofin Allah-tsine ne: suna huce wa mai magana takaici, amma ba sa kai kowa gaban alƙali.

Wannan giɓi ya fito fili a Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Agusta na 1941, da labarin kisan gillar da sojojin Jamus suke yi a ƙasar Rasha ya iso Ingila, Firayim Minista Winston Churchill ya faɗa ta rediyo cewa duniya tana fuskantar laifin da ba shi da suna.

Wanda ya raɗa masa suna shi ne Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, wanda ya yi gudun hijira zuwa Amurka, aka kuma hallaka akasarin danginsa. A 1944 ya haɗa kalmar Girkanci "genos", wato jinsi ko ƙabila, da "cide" ta Latin, wato kisa, ya samar da "genocide". Ita ce muke fassarawa da kisan ƙare-dangi. Ranar 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi da hukunta masu aikata shi. A 1968 kuma ta zartar da wata, wadda ta ce daɗewar lokaci ba ta wanke mai irinsa.

Da kalmar ta zama doka sai ta yi wa mahukunta nauyin faɗa, domin wanda ya ambace ta ya ɗora wa kansa alhakin kai ɗauki. A 1994, lokacin da aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 a Ruwanda, jami'an gwamnatin Amurka sun yi makonni suna kewaye-kewaye don kada ta fito daga bakinsu. Sai a 1998 kotun duniya da ke Arusha ta fara kama wani da wannan laifi, wato Jean-Paul Akayesu.

Mu manazarta harshe, abin lura a nan shi ne: a 1941 ana kisa babu suna, a 1994 kuwa ga sunan a rubuce, amma masu iko suka yi makonni suna ƙin furta shi.