Tarihin Gano Ƙarin Teratoma a Cikin Manya da Yi Masa Tiyata

Teratoma ƙari ne da ke tsirowa daga ƙwayoyin asali na haihuwa, waɗanda ke zama ƙwai a jikin mace ko maniyyi a jikin namiji. Tun ɗan tayi yana makonninsa na farko waɗannan ƙwayoyi ke ƙaura zuwa mazauninsu. Wadda ta ɓace a hanya tana iya maƙalewa a bayan hanji, kusa da ƙoda, ta yi shekaru tana girma ba ciwo. Idan aka tsaga ƙarin, akan tarar da kitse da gashi da ƙashi, wani lokaci har haƙori. An fi ganin irin na bayan hanji a yara ƙanana. A jikin babba ba kasafai ba.

Rudolf Virchow, likitan Jamus, shi ya raɗa masa suna a 1863. Amma an riga an fara buɗe ciki don cire ƙari tun Disambar 1809, lokacin da Ephraim McDowell na Danville a Amurka ya cire wa Jane Todd Crawford ƙarin ƙwan mahaifa mai nauyin kilo 10, ba tare da maganin sa barci ba. Da farko an zaci tagwaye take ɗauke da su waɗanda suka wuce wata. Ta rayu fiye da shekara 30 bayan aikin. Irin wannan zato ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda mace kan daɗe da kumburin ciki ana cewa cikin ne ya kwanta, ana ta jiƙe-jiƙe, ƙari kuwa yana ci gaba da danne hanji da ƙoda.

Abin da ya sauya lamarin shi ne iya leƙa cikin mutum kafin a sa wuƙa. A 1958 Ian Donald na Gilasgo ya wallafa aikinsa kan hoton duban ciki, na'urar sikana kuma ta fara aiki a Landan a 1971. Ita ke nuna kitse da ƙashi a wuri guda, alamar da ke tona asirin teratoma. Gwajin jini na AFP da hCG yana taimakawa a gane wanda ya zama daji, kuma tun 1974 maganin cisplatin ya ceci da yawa daga masu irin wannan. Wanda bai zama daji ba, cire shi ɗungurungum ya wadatar. Idan namiji ne, dole a duba maraina, don sau da yawa can ne tushen.

Ga mutanen Filinge da ƙauyukan Kurfai a Nijar, asibitin gunduma ne matakin farko. Ƙarin da ya manne wa manyan jijiyoyin jini kuwa aikin ƙwararru ne, sai an tura mara lafiya Yamai, tafiyar kilomita kusan 180, zuwa babban asibitin ƙasa. A can ne kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta fara gashin daji da na'ura a 2021.