Rubutu daban, tufafinsa daban: tarihin XSLT

A shekarar 1969, wasu ma'aikatan kamfanin IBM uku, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro GML. Maimakon a umarci na'ura ta ƙara wa kalma girma ko kauri, sai a sa mata alamar da ke nuna matsayinta: wannan take ne, wancan sakin layi. Manufar ita ce a raba rubutu da kamanninsa, domin ya ci gaba da amfani ko bayan na'urar da ta buga shi ta tsufa.

Daga GML aka sami SGML, wanda ya zama ma'aunin duniya a 1986, sannan XML, sauƙaƙƙen nau'insa, a 1998. Amma rubutun da aka tuɓe wa ado yana bukatar tufafi kafin ya bayyana gaban mai karatu. Wannan aiki ne ƙungiyar W3C ta ɗora wa XSLT a Nuwamban 1999, James Clark ne editan ƙa'idar. Mai amfani da XSLT dokoki yake shimfiɗawa: duk inda aka ga alamar take, a mayar da ita kanun shafin HTML. Da haka kundi guda zai zama shafin intanet yau, gobe a sauya dokokin ya fito a tsarin littafi, asalinsa na nan ba a taɓa ba.

Sababbin sigogin XSLT sun fito a 2007 da 2017, amma manhajojin buɗe shafukan intanet suka tsaya kan ta farko, JavaScript kuma ya mamaye fagen. A 2025 masu Chrome suka sanar da shirin cire XSLT. Kundayen XML kuwa za su ci gaba da karantuwa, domin tun farko ba a ɗaure su ga manhaja ɗaya ba.