Tsohuwar Bindiga da Sabon Harsashi

Tun da satar mutane ta matso kusa da mu, daga ƙauyukan Yorro da Ardo-Kola har zuwa unguwannin gefen gari, wata magana ta shigo majalisunmu na Turaki wadda a da sai a bakin maharba ake jin ta. Wai wane yana da tsohuwar bindiga zai sayar, mai baki biyu, ƙirar Ingila, tun ta kakansa. A rage murya, a faɗi kuɗi, a ce ai araha ce. Mu 'yan kasuwa ne, mun san daɗin kayan hannu. Mun sayi tsohon keken ɗinki ya ciyar da gida, mun sayi tsohuwar mota ta yi mana shekaru. To amma kafin mutum ya sa hannu a aljihu saboda wannan ƙarfen, ya kamata ya san ta inda ya biyo har ya iso gare mu.

Sunan ma baƙo ne. Bindiga da albarushi daga Larabci muka aro su, haka harsashi, wanda asalinsa sunan dalma ne a wurin Larabawa. Wannan ya nuna ta hamada ta fara shigo mana. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga, cikinsu har da Turkawa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ya fara ajiye masu bindiga suna tsaron sarki. Su ne 'yan bindiga na asali, waɗanda har gobe suke ɗirka adaka a hawan salla. Abin takaici, yau in ka ce 'yan bindiga sai gaban mutum ya faɗi.

Amma wadda ta cika ƙasa ta teku ta zo. Ita ce doguwar adaka mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawan Ingila suna kiran ta da sunan mutanen Denmak, don su suka yi fice da sayar da ita a gaɓar Gana, inda suke da ganuwa a Accra, garin da fatakenmu ke ce wa Ankara. Mafi yawanta kuwa a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam aka ƙera, kuma musamman don kasuwar Afirka: ƙarfe mai araha, aiki na gaggawa. Su kansu masu sayarwar sun san tana fashewa a hannun mai ita. Da sojojin Turai suka koma sababbin bindigogi a ƙarni na 19, tsofaffin da suka ajiye ma nan aka juyo da su. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigar zamani, suka bar mana mai ƙanƙara da baƙin albarushi. Wato dai tun fil azal abin da wasu suka gama yayinsa shi ke isowa hannunmu.

Mu nan Jalingo ba sai an kai mu nesa ba, don garin da kansa da ƙarar bindiga aka kafa shi. A 1892 wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Laftanar Mizon, ya hauro Binuwai ya ƙulla alkawari da Sarkin Muri Muhammadu Nya. Mutanen Kona sun daɗe suna tare dakarun Muri, dawaki da masu da adaka duk ba su karya su ba. A ƙarshen shekarar nan Mizon ya zo da igwa da bindigogin zamani, garin ya faɗi, aka kashe na kashewa, aka kama bayi. Maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma ba su manta ba. Bai kamata mu riƙa ba da labarin kamar wasa ba. A 1893 sansanin yaƙin ya zama Jalingo. Dubi sunayen unguwanninmu mana: Barade, Sarkin Dawaki, Kachalla Sembe, Majidadi, da tamu Turaki. Duk sarautun fada ne da na fagen fama. Bayan 'yan shekaru irin wannan fifikon makami ya juyo kan sarakunan da kansu, Yola ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903.

A zamanin Turawa bindiga mai baki biyu ta zama kayan manya. Sai hakimi, ko babban ma'aikacin En'e, ko attajirin da ya tsaya da ƙafafunsa ake ba takardar riƙe ta, talaka kuwa yana nan da adakarsa. Shi ya sa har yau take da kwarjini a idonmu fiye da ƙimarta. Bayan samun mulkin kai sai ƙirar Rasha mai suna Baikal ta yawaita, ga ƙarfi ga sauƙin kuɗi. A gefe guda maƙera, daga Awka har ƙauyukanmu, suna ta ƙera tasu da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, irin su harba-ka-ruga. Duk waɗannan suna nan a ƙarƙashin gadaje da cikin rufin ɗakuna, kuma in mai sayarwa ya tashi, kowacce "ta Ingila" ce.

Ga inda hatsarin yake, kuma a nan muke so a natsu. Kowace bindiga da irin albarushin da aka ƙera ta dominsa. Na dā baƙi ne mai hayaƙi. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fito da marar hayaƙi, wanda shi ne a cikin duk harsashin da ake sayarwa yanzu, kuma yadda yake matsa wa bututu ba ɗaya ba ne da na dā. Da yawa daga cikin tsofaffin bindigogi, bututunsu ba curin ƙarfe ɗaya aka huda ba. Siraran ƙarafa aka murɗa kamar igiya, aka naɗe a jikin sanda, aka yi ta duka da wuta har suka haɗe. Za ka gan shi da zane mai kyau kamar saƙa, kuma wannan kyan shi ke ruɗin mai saye. Kowane layi na zanen nan mahaɗa ce, tsatsa kuwa mahaɗa take bi ta ciki inda ido ba ya gani. Ƙara da cewa dattin baƙin albarushi yana jan laima, ga daminar Jalingo shekara bayan shekara. In irin wannan bututu ya sha sabon harsashi ya gaza, sau da yawa daidai inda hannun hagu yake riƙe yake tsagewa, fuska kuma tana kusa.

Akwai kuma tsawon mazaunin harsashi. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai milimita 65, wato inci biyu da rabi. Na kasuwa yanzu 70 ne, wani ma 76. Abin da ke yaudarar mutane shi ne dogon yana shiga, bindiga ta rufe lafiya lau, don tsawon da ake nufi na kwanson ne bayan bakinsa ya buɗe. Sai an harba bakin ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a kan ƙarfen da dama ya gaji. Cewa "ai an harba ta jiya ba abin da ya faru" ba hujja ba ce. Igiyar guga ma ba ranar da ta fara lalacewa take tsinkewa ba.

Su Turawan sun san da haka, shi ya sa suka kafa gidajen gwaji. Na Birmingham tun 1813 yake aiki: a cika wa bututu abin da ya fi ƙa'ida a harba, in ya jure a buga masa tambari a ƙasansa, wurin da sai an cire shi ake gani. A ƙirar Ingila, haruffan NP, ko BNP a na 1954 zuwa sama, suna nufin an gwada da albarushi marar hayaƙi. Ta Beljiyam tana da ELG a cikin da'ira mai kamar ƙwai, amma shaidar sabon albarushi ita ce hoton zaki da PV. Sai dai fa tambari shaidar ranar da aka buga shi ce. Bai san shekara sittin da bindiga ta yi a jingine ba, bai san zanzaro ya yi ɗaki a cikin bututu ba, wanda shi kaɗai ya isa ya kumbura ƙarfe ko ya fasa shi. Bai san mai walda ya toshe rami ya shafe da baƙin fenti ba, ko an goge cikin don a ɓatar da tsatsa har bango ya sirance. An kuma sha ganin ƙirar gida da aka buga mata tambarin waje. Masana sukan rataye bututun su ƙwanƙwasa, in ya yi amo kamar ƙararrawa haɗinsa na nan, in ya yi dum to ya saki. Su rufe bindiga su girgiza su ji ko tana lakwaf-lakwaf. Wannan duk somin-taɓi ne. Kaurin bangon sai da ma'auni, kuma a cinikin da ake yi da dare a zaure ba mai zuwa da ma'auni.

Ba muna raina tsoron jama'a ba ne. Wanda aka taɓa ɗauke masa ɗa, ko gonarsa ke bayan dutse inda in ka kira agaji sai gari ya waye, ba za ka ce masa ya kwantar da hankali kawai ba. Mun kuma ga abin da maharba suka yi a 2014 lokacin da suka taimaka aka ƙwato Mubi da bindigogin da ba su kai na abokan gaba ba. Amma su mutane ne da suka tashi da abin tun suna yara, suna da shugabanni, hukuma ta san da su. Ɗan tireda da bai taɓa harbin ko kurciya ba, ya ajiye bindiga a ɗakin da yara ke shiga, lissafinsa daban ne.

Sai maganar hukuma, wadda masu sayarwa ba sa son a tayar. Dokar makamai ta 1959 ita ke aiki har yanzu. Ta raba makamai gida uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lamba. Ba ya bin ta zuwa hannun mai saye kamar takardun mota, don haka tsohuwar takardar kakan wane da ake nuna maka ba ta kare ka da komai. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Tarar ta zama kuɗin cefane, shekara goman kuwa ba ta rage ko kwana ɗaya ba. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka mai niyya ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ya ji halin da ake ciki kafin ya yi tayi.

Wani abin kuma, tsohuwar bindiga ba ta faɗin inda ta kwana. In ka ga an bi lambarta da magagari an goge, akwai dalili. Ta yiwu an sace ta, ta yiwu an yi ta'asa da ita a rikicin wani gari, ranar da aka same ta a ɗakinka kuwa kai za ka amsa tambayoyin da mai ita na farko ya gudar wa. Malamanmu na fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, sun hana cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba, irin wanda muke kira cinikin biri a sama, kuma sun hana sayar da makami ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, balle a lokacin fitina. Wannan ya hau kan mai sayarwa kamar yadda ya hau kan mai saye, ya kuma hau kan dillalin da ya haɗa su don la'ada.

Inda abin ya fi zo mana a unguwa shi ne wurin rabon gado. A fito da kayan mamaci, sai ga ta a naɗe cikin tsohon bargo. Babban ɗa ya ce shi zai riƙe don tunawa da Baba, ƙanensa ya ce a sayar a raba, mata su ce a fitar musu da ita daga gida. Doka ta ba magada kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi, mu kuwa sau da yawa sai bayan sadakar arba'in ake buɗe ɗakin. Abin da muke ba da shawara a irin wannan zama shi ne kada kowa ya gwada ta, kada a ɗauka ba komai a cikinta, musamman adaka, wadda kan yi shekaru da ɗurinta. A nemo takardunta in akwai, mai unguwa ya raka babban magaji wurin 'yan sanda a ba da ita ajiya, a karɓi rasit mai ɗauke da lambarta, a sa shi cikin takardun gado tare da na gida da na gona.