Kifi

kīfī [sama-sama, wasulan biyu dogaye] *sn., nj.*, *jam.* kīfā̀yē.

1. Halitta mai rayuwa da numfashi a cikin ruwa. Ire-irensa: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa. *Mis.:* an kama ~ a rafi.

2. Namansa a matsayin abinci. (a) gasasshen ~: wanda ake gasawa kan garwashi da yaji da albasa, a haɗa da soyayyen dankali ko doya. Cimar yamma ce a bakin titunan Kafanchan. Mai saye ke nuna tarwaɗar da yake so, a yi ciniki kafin ta hau wuta. A Kagoro kasuwarsa kan buɗe sosai lokacin bikin Afan, 1 ga Janairu. *Mis.:* mu je cin ~, ni zan biya. (b) farfesun ~: romo mai zafin barkono. (c) ~n ƙanƙara: na teku, daskararre, mai sauƙin kuɗi. (d) bandar ~: wanda aka busar da hayaƙi.

3. ɗanyen ~: a ƙasar Hausa ba a ci. A Japan kuwa shi ake ɗorawa kan curin shinkafa mai tsami, a kira shi *sushi*. Shagunan da faranti ke zagayawa kan bel, waɗanda aka fara a yankin Osaka a 1958, sun sa talaka ma yana iya saye.

4. ~n rijiya (*adon magana*): wanda bai san duniya ba.

*Dub.:* su, masunci (*mc.* masunciya, *jam.* masunta), koma, ƙugiya.