Ganuwa, hatimi da rubutun sirri: tarihin tsaron saƙo daga Damagaram

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu nuna cewa matsalar da masana kwamfuta ke kira « confiance zéro » da Faransanci ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Za mu kafa hujja da tarihin Damagaram.

Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa. Dabarar ganuwa ɗaya ce: na ciki amintacce ne, na waje abin tuhuma. Amma mulki da fatauci ba su tsaya a ƙofar gari ba. Mu ƙaddara wasiƙa ta fito daga fada za a kai ta Garazu, a ƙasar Alakos, arewa maso gabas da Zinder. Da zarar manzo ya wuce ƙofa, ganuwa ta gama aikinta. Abin da ya rage wa takardar shi ne hatimi, kamar yadda aka saba a fadojin Barno da Sakkwato.

Sai dai hatimi yana shaida mai aikowa ne kawai, ba ya ɓoye abin da aka rubuta. Larabci ko ajami kuwa ba asiri ba ne ga duk malamin da takardar ta faɗa hannunsa. Ko musanya haruffa ba ya wadatarwa: tun ƙarni na 9, a Bagadaza, al-Kindi ya bayyana yadda ake warware irin wannan rubutu ta hanyar ƙidaya yawan maimaituwar kowane harafi.

Ma'aikatu na zamani sun maimaita dabarar ganuwa, inda suka yarda da duk na'urar da ke cikin gida. Bayan kutsen da aka yi masa a 2009, kamfanin Google ya soma watsar da wannan tsari. A 2010 John Kindervag ya yaɗa sunan sabuwar ƙa'idar, kuma hukumar NIST ta Amurka ta tsara ta a rubuce a 2020: a tantance mai neman shiga a kowace ƙofa, ko na gida ne. Rubutun sirri mai makulli biyu, wanda Diffie da Hellman suka gabatar a 1976, shi ya buɗe hanyar haɗa aikin hatimi da na ɓoyewa, ta yadda tsaro ke bin saƙo duk inda ya je.

Daga ƙarshe, akwai batun fassara. Idan muka ce « rashin amana », Bahaushe zai ji zargi ne ga ma'aikaci, alhali ƙa'idar ba ta tuhumar halin kowa. Abin da ta ƙi shi ne a ɗauki zama cikin gida a matsayin shaida. Don haka muke ba da shawarar « tantancewa a kowace ƙofa », muna kuma jiran ra'ayin abokan aiki.