Ginin Jimla da Tarihin Koyar da Karatu a Ƙasar Zazzau



Abin da za mu tattauna yau tsohuwar matsala ce wadda duk malamin firamare a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ya san ta, wato yaro ya furta kowace kalma ta shafi daidai, amma in an tambaye shi abin da shafin ya ce sai ya yi shiru. Ra'ayina shi ne babban dalilin wannan yana cikin yadda muka yi da jimla tun zuwan boko.

Mu fara da tsarin da boko ya tarar. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, sannan farfaru, sannan haɗa kalmomi, ba a neman ma'ana daga gare shi a wannan mataki. Amma in ya shiga makarantar ilimi sai al'amari ya sake. Malam yakan karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, yana nuna wane ne ya aikata, wa aka aikata wa. Littafin Ajurumiyya, wanda Ibn Ajurrum na birnin Fas ya rubuta kafin rasuwarsa a 1323, ya fara ne da bayanin abin da ake kira cikakkiyar magana kafin ya shiga rabe-raben kalmomi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu. Ke nan magabata sun raba furuci da fahimta, sun kuma ɗora fahimta a kan sanin ginin jimla.

Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fito da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, sai aka zaɓi hanyar da ta bar mana gado mai nauyi: ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Wannan ya sauƙaƙa ɗab'i, amma ya jibga wa jimla aikin da harafi ya ƙi ɗauka. Alal misali, in an rubuta "gari" ita kaɗai, ba mai iya cewa na tuwo ne ko na mutane. Haka "kuka" tana iya zama itaciya, ko hawaye, ko lamirin da ke cikin "da kuka zo". Mafi wuya ita ce "ya". In ɗan Kudan ya karanta "Baba ya ce Audu ya kai rake kasuwa", ko dai an ba da labari ne cewa rake ya riga ya isa, ko kuwa umarni ne aka ba Audu. Baki yana bambanta su da karin sauti da tsawon wasali, takarda kuwa sai an duba abin da ya gabata da abin da ya biyo. Saboda haka mai karatun Hausa ba ya ma iya furta kalma daidai sai ya hango ginin jimlar tukuna.

Marubutan farko sun gane haka. A Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, an yi gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, sannan Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Wanda ya duba rubutun Imam zai ga yana jera ayyuka da "sai" da "ya" da "suka", kamar yadda ake ba da labari a zaure, har mai karatu ya ji muryar jimlar kafin ya kai ƙarshenta. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, irin wannan rubutu ne ya riƙe manya da suka koyi haɗa baƙi da wasali a ajin yamma, suka ci gaba da karatu bayan an tashi ajin.

Masana ma ba su zauna ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutu, kuma yawancin gardamar raba kalma da haɗa ta gardamar nahawu ce: "akan sayar da tumatir" dabam, "a kan tumatir" dabam. A 1976 Farfesa M. K. M. Galadanci ya fito da littafinsa na nahawun Hausa, inda ya bayyana jimla a kan yankin suna da yankin aiki.

To, a wannan shekara ta 1976 ce kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa, aka ɗebi malamai da gaggawa, kuma ko da yake manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa, ilimin jimla ya tsaya a jami'a da kwalejin horon malamai, bai gangaro aji biyu ba. Abin da ya fi sauƙi ga malami mai yara da yawa shi ne ya faɗa su amsa, sai aka koma matakin farko na makarantar allo ba tare da mataki na biyu ba.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kada a cika yaro da sunayen nahawu. A tambaye shi: wa ya yi, me ya yi, yaushe? A nuna masa "ba" ta farko, ya nemo abokiyarta a ƙarshe. A ba shi "sun zo" da "suka zo" ya faɗi inda kowace ke zama. A sa shi ya karanta jimla ɗaya da murya biyu, ya zaɓi wadda ta dace da labarin. Ku ma'aikata, ku tuna manomin da ke karanta bayanin maganin feshi ko takardar rance, wanda kuskuren "ya" guda zai iya ja masa hasarar damina. Ku da za ku tsara manhaja da horon malamai, wannan aiki yana hannunku.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.